Balamin Baba da Kifin Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta hira ba. Da na zauna sai wani ya ce, Isa yaya teku, wani ya ce da gaske ruwan gishiri gare shi, wani kuma so yake ya ji ko matan can suna tuƙa babur. Na ba da labarin nan guntu-guntu har bakina ya gaji, kuma kullum ina tsallake wurin da ya fi damuna. To ga shi na rubuta gaba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in huta.

Ba yawon buɗe ido ne ya fitar da ni ba. Bara ruwa ya ɗauke mana tun hatsi bai cika ido ba, kafin Babbar Sallah ta matso rumbunmu ya kusa kai ƙasa, ga iyali, ga tsohuwa. Sai na ware raguna shida zan bi masu kai bisashe kudu, inda aka ce ragon layya ya fi daraja. Da na dube su da kyau na san shidan nan ba za su kai mu kaka ba, sai na kwance na bakwai.

Na bakwai ɗin shi ne wanda muke kira Balamin Baba. Fari ne fat, hancinsa a lanƙwashe, kunnuwa har wuya, in ya tsaya bayansa yana kai mini ƙugu. Jikan ragon da mahaifina ya kafa garkenmu da shi ne, kuma shi kaɗai ya rage mai wannan girma. Shekara tara ke nan da rasuwar Baba, kuma kowace Sallah nakan shiga garke in zaɓi manyan in kai kasuwa, don su ake so. In Balamin ya tafi, ragon da zai saura a gida shi ne wani ɗan ƙiris da muke ce wa Guntu, wanda Sallah uku ina kai shi kasuwar Belbeji ina dawowa da shi, ba wanda ya ko buɗe masa baki ya duba haƙora.

Ranar da zan tashi na tarar da Inna a tsakar gida tana kwance damin iri. Dogayen zangarniyoyin nan ne da take zaɓa da hannunta tun a gona, ta rataye a ɗakinta, ko gidan zai kwana da yunwa ba mai taɓa su. Ta ga igiyar da ke hannuna, ta ga wanda ke bayan igiyar.

"Har da shi?" in ji ta.

Na ce, "Shi zai cika mana rumbu, Inna."

Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta ci gaba da aikinta.

Abokin tafiyata Agali ne, Buzun Tanut, wanda muka daɗe muna haɗuwa a kasuwanni muna tsokanar juna. Tun a wurin lodi ya fara. Ya dubi raguna shidan nan ya ce mini, waɗannan awakin kuma na wane ne. Na ce masa fari ne, ba ciyawa, dabba ba ta girma da iska. Ya ce to shi wancan farin ƙaton a wace ƙasa ya yi kiwo. Na ce ya je ya kula da butar shayinsa.

Wanda bai taɓa bin kamyo, babbar motar bisashe, ba bai san gajiya ba. Hawa biyu ne, an zuba rairayi a ƙasa, mu kuma muna sama bisa katako da sanduna a hannu. Aikinmu shi ne duk ragon da ya kwanta mu tashe shi, don in ya kwanta 'yan'uwansa za su tattake shi ya mutu. Haka muka sha rairayin hanyarmu har muka hau gudro, wato kwalta, aka cika lodi a Damagaram, muka wuce Tasawa, Maraɗi, Ƙonni. Rana tana dukanmu daga sama, warin fitsari yana tasowa daga ƙasa. Duk inda aka tsaya sai na fara shayar da Balami kafin in sha, Agali kuwa sai ya fara hura gawayi. Mutumin nan ko a kan gadon asibiti aka kwantar da shi sai ya tambayi inda zai ɗora butarsa.

A Gaya, bakin iyaka, na yi abin kunya. Mun sauka za a duba takardun allurar bisashe, na fito da tawa na riƙe a bayana ina jiran layi, ashe na jingina da jikin kamyo. Ɗaya daga cikin shidan nan ya zuro baki ta tsakanin katako ya ja. Kafin in juya ya cinye rabi, wurin hatimin ma ya fara da shi. Ma'aikacin da na miƙa wa ragowar ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce shekarunsa da yawa a wurin nan bai taɓa ganin dabba ta haɗiye shaidarta ba. Sai da aka sauke nawa duka aka sake duba su ɗaya bayan ɗaya, muka ɓata rabin yini. Shofer mai tuƙa mu bai sake yi mini magana ba sai a Kandi.

Daga Malanbil zuwa gaba duniya ta canza. Ciyawa har bakin hanya, tsanwa shar, ba dabbar da ke ci, abin ya yi ta ba ni haushi. Tumakinsu kuwa gajeru ne kamar an yanke musu ƙafafu. A Paraku muka ci sakwarar doya da miyar gyaɗa, da wani cuku mai taushi da suke soyawa, wanda Agali ya ce cuku ne da bai sha wahala ba. Can ruwan sama ya same mu, irin wanda a wurinmu in an yi shi sau uku an gama damina. Mu da raguna muka jiƙe sharkaf, su kuwa mutanen garin ko gudu ba su yi ba.

Kwana huɗu muka yi kafin mu shiga Kwatano. Masaukinmu a unguwar Zango ne, gidan Alhaji Sabi'u, mutumin Maraɗi da ya shekara talatin a can, shi ne mai masauki shi ne kuma dillali. Ɗaki ɗaya mu tara, zafi mai danƙo wanda ko ka yi wanka ba ka bushewa, ga sauro manya kamar an yi musu kiwo. Abinci kuwa wani farin tuwon masara ne mai tsami a naɗe cikin ganye, da miyar manja mai barkono da kifi. Komai kifi. Agali ba ya cin kifi, kakanninsa ma ba su ci ba, don haka ya rayu a kan burodi da shayi har muka baro garin.

Shidan sun tafi cikin kwana biyu, ba yabo ba fallasa. Balami kuwa kowa ya zo sai ya tsaya a kansa, a shafa, a ɗauki hoto, amma tayin bai kai ba. Alhaji ya ce in yi haƙuri, irin wannan mai shi daban ne, yana nan zuwa. A rana ta uku ya ga na isa kowa da zirga-zirga, ya ce mu je mu ga teku mana, kada mu koma gida a tambaye mu mu yi shiru.

Muka hau babur irin kabu-kabunmu, da sassafe, aka kai mu can bayan gari inda masunta suke. Ba zan ɓata muku lokaci da kwatanta teku ba. Ruwa ne ba iyaka, yana ta zuwa yana komawa da ƙara, kuma gaskiya ne, na ɗanɗana, gishiri ne. Agali ya daɗe yana kallo, sannan ya ce duk wannan ruwa ba wanda raƙumi zai sha ko kurɓi ɗaya, Allah mai iko.

Abin da ya ja hankalina mutane ne. Layi biyu, maza da mata, kowane layi riƙe da igiya mai kauri da ta shige cikin ruwa, suna ja da baya suna waƙa. Taru ne suka kai can nesa da kwale-kwale tun da asuba, yanzu suna jawo shi gaɓa. Wani tsoho mai farin gashi, wanda na ji suna kira Kosi, ya yafito ni da hannu. Al'adarsu ita ce duk wanda ya sa hannu a igiya yana da rabo a abin da ya fito, ko baƙo ne, kamar dai gayya a wurinmu, sai dai mu fura muke ba ka. Na naɗe riga na kama. Na zaci abin minti kaɗan ne. Sai da rana ta take, tafin hannuna ya yi ƙuna, ƙafafuna suka nutse a rairayi, sannan jakar tarun ta fito.

Da aka zazzage, rabi ledoji ne da robobi. Sauran kuwa kifaye ne ƙanana, mafi yawansu ba su wuce tafin hannu ba. Mutum wajen hamsin suka yi cirko-cirko a kan abin da bai cika kwanduna kaɗan ba, ba wanda ya yi mamaki sai ni. Aka damƙo mini nawa rabon a hannu biyu. Na juya na ce wa Agali, wanda ya tsaya nesa ya rufe hanci da rawani, duk wannan wahala a kan 'ya'yan kifi.

Sai na ji an ce da Hausa a bayana, "Ba 'ya'ya ba ne, Malam. Iyaye ne."

Wata mata ce a tsugune da allo mai zanen awo a gabanta, da ƙaramar wuƙa da 'yan kwalabe. Sunanta Madam Safiya, malamar jami'a ce mai binciken kifi, uwarta 'yar Dogonduci ce, shi ya sa Hausa a bakinta. Ta karɓi ɗaya daga cikin kifayen hannuna ta tsaga cikinsa ta nuna mini. Cike yake da ƙwai, ja-ja, har yana tsiyaya. Na ji wani iri, kamar ka ga 'yar tunkiyar da ba ta fid da haƙoran nono ba da ciki.

Ta kira tsoho Kosi ta yi masa magana da yarensu. Ya miƙa hannunsa ya sa yatsa a gwiwar hannu. Ta ce yana cewa lokacin da yake saurayi, wannan irin kifin daga kan yatsa zuwa nan yake kaiwa, kuma wanda ya kai girman na hannuna ba a samun ƙwai a cikinsa, jefa shi ruwa suke yi ya je ya girma. Yanzu manyan jiragen ruwa suna share can ciki, su kuma na gaɓa kowace shekara sai sun ƙara matse idon taru don su sami abin kai wa gida.

Na tambaye ta me ya sa kifi zai yi ƙwai tun bai girma ba. Ta ajiye wuƙar ta yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa baƙauye, ban kuwa ji haushi ba. Ta ce a cikin kifaye, kamar a cikin kowace halitta, akwai masu jinkiri, su girma sosai sannan su fara ƙwai, akwai kuma masu gaggawa, su fara tun suna ƙanana. Da, masu jinkirin ne ke da rinjaye, don babbar uwa ƙwanta ya fi yawa ya fi ƙwari. Amma babban kifi taru yake fara riƙewa. Mai jiran ya girma ana kama shi kafin ya bar baya, mai gaggawa kuwa ya riga ya zuba ƙwansa kafin a kai gare shi. Ɗa kuma uba yake gado. Shekara bayan shekara haka, sai a wayi gari teku ya cika da jikokin masu gaggawa.

Ta ce abu biyu ne suka cakuɗe, shi ne aikinta ta raba su. Wani kifin ƙarami ne kawai don ba a bar shi ya tsufa ba, wannan in an sassauta kamu zai gyaru da wuri. Amma in ƙanƙantar ta shiga jini, to ko an rataye tarun duka sai an daɗe, don masu ɗauke da girman an riga an cinye su. Shi ya sa take yankar ɗan fiffiken kifi ta sa a kwalba a je a duba gadonsa, take kuma ciro wani ɗan farin dutse daga cikin kansa, wanda da shi ake gane shekarunsa kamar yadda muke buɗe bakin rago. Ta ce a wasu tekunan an ga abin ya shiga jini, a nan kuwa ba ta gama sani ba tukuna, amma tana jin tsoro.

Ban san lokacin da na ce, "To tumaki fa, Madam?" ba.

Ta yi murmushi ta ce, "Ni kifi na karanta, ku ne malaman tumaki. In Sallah ta zo, wane rago kuke bari a garke?"

Shekara tara ina zagin fari, ina zagin ciyawa, ina zagin masu sayar da dusa. Farin gaskiya ne, amma ba fari ne ke shiga garke da igiya ya zaɓi manya ba. Na tuna Baba, yadda duk tsananin shekara akwai ragon da ba ya ko bari dillali ya taya. Ni na ɗauka son dabba ne irin na tsofaffi. Agali da ke son tsokana, ranar kau da kai ya yi yana kallon ruwa.

Na ce wa Madam ta tambayar mini tsohon, tun da sun ga haka me ya hana su buɗe idon taru su bar ƙananan. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi magana gajeriya, ya koma wurin kwandunansa. Ta ce, "Ya ce tun ba a haife ni ba ya san wannan, ba da allon awo ba. Ya ce ka je ka faɗa wa tukunyar matarsa ta jira baɗi."

Na ba wata mata rabon kifina, muka hau babur. Duk hanya ina shirya magana. Zan ce wa Alhaji na fasa, zan mayar da Balami gida ko da a kaina zan ɗauke shi, mu ci abin da shidan suka kawo, in ya ƙare mu san dabara. Har na ji sanyi a raina.

Muna shiga Zango na hango wata baƙar mota mai buɗaɗɗen baya a ƙofar gida, da wani mai babbar riga ya dafa bayan Balami. Alhaji ya taro ni da fara'a, ya ja ni gefe ya raɗa mini tayin. Ba zan faɗa muku ba, amma ya wuce abin da shidan suka kawo gaba ɗaya. Ya kama hannuna ya haɗa da na mutumin yadda ake yi, ya ce, "Malam Isa, magana tana wurinka."

Ba wanda ya tilasta ni, wannan nake so ku sani. Ba a yaudare ni ba, ba a sayar a bayan idona ba, kuma abin da na koyo a bakin teku yana nan a kaina ɗanye. Amma na ga ƙasan rumbunmu, na ga watannin da suka rage kafin sabon hatsi, na ga kwana huɗu na komawa da rago ɗaya cikin kamyon kaya. Maganar da na shirya a kan babur sai na ajiye ta.

Na ce, "Na sallama."

Da aka zo ɗora shi a mota ya ƙi. Mutum huɗu suka tura, ya kafe ƙafafu. Sai Alhaji ya ce in taimaka. Na hau bayan motar na riƙe igiya na yi masa fiton da Baba yake yi wa garke in za a tafi rijiya, ya kuwa taka ya hau da kansa. Wannan shi ne wurin da nake tsallakewa a fada.

Komawa ba ta da labari. Mun bi kamyon da ya ɗauko kaya, ba ragon da za a tayar, na yi ta barci bisa buhuna. A Damagaram na sayi hatsi, muka rabu da Agali a tasha. Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce in Allah ya kai mu kaka zai tambayar mini a wajen danginsa ko akwai mai rago babba da zai ba ni aro. Mu biyu mun san irin na Baba ba a wajensu yake ba.

Na iso gida da la'asar. An yi ruwa bayana, an gama shuka, damin irin Inna ya shiga ƙasa. Aka sauke buhuna, yara suna murna, maiɗakina ta ɗora tukunya. Na leƙa garke. Guntu yana tsakiya ya ɗaga kai yana bin tumaki ɗaya bayan ɗaya, ba mai ture shi, tumakin ma duk sun fi shi tsayi.

Inna ta zo ta tsaya kusa da ni, ta yi mini barka da hanya, ta sa wa hatsin albarka. Muka daɗe muna kallon garken tare. Sannan ta ce, ba da faɗa ba, "Ubanka ya ga yunwar da ta fi wannan, Isa. Bai taɓa cin iri ba."

Ta koma ɗaki. Da aka kawo tuwo na zauna na ci. Ya yi daɗi, na ƙoshi har na ƙara, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau.